Kwantaccen Cikin Laure

Abin da na mallaka a waccan damina ba shi da wuyar lissafi. Na'urar eko ɗaya, mai ɗaukar hoton cikin jiki, tsohuwa, wadda na sayo hannu na biyu daga Kwatano. Gurup ɗaya, wato janareta, mai ba ta wuta. Mota mai buɗaɗɗen baya. Kasuwanni uku da nake zagayawa, Agiye da Gangara da wata ƙarama wajen Gidan Runji, kuma a cikin ukun Gangara ce ke ciyar da sauran. Sai amanar Malam Iro, ɗan kasuwar hatsi, mai masaukina a Gangara, wanda ya ba ni ɗaki a gefen zaurensa bai taɓa karɓar ko dala ba. A ɗaya gefen kuma akwai matarsa Laure, da abin da ke girma a cikinta. Duk wannan rana ɗaya aka ɗora mini shi a sikeli.

Ina rubuta wannan ne domin ku samarin da ke zuwa shagona kuna tambayar kuɗin ƙananan na'urorin nan na yanzu. Na ji abin da kuke faɗa: a shafa jel, a ɗora kan na'ura, a kalli hoto a tele, a karɓi kuɗi. Ni ma haka na zata.

Ni ba likita ba ne, ban taɓa cewa ni likita ba ne. An haife ni shekarar da aka sauke tutar Faransa, ubana mai awon gyaɗa ne, kuma kafin in yi wayo gyaɗar ta mutu. Aka kai ni Maraɗi wajen wani mai gyaran rediyo, Malam Ɗan Jimma. Mutum ne mai ƙarancin magana. In ka kwance rediyo ka bar dunƙulen dalma a inda bai kamata ba, ba zai yi faɗa ba, sai ya miƙo maka ita ya ce, "Sake." Daga rediyo muka koma tele, daga tele aka fara kawo mana kayan likita da suka lalace, domin babu mai taɓa su a garin. A nan na fara ganin cikin na'urar eko. Da na tsaya da ƙafafuna na shiga fataucin tsofaffin kaya, firji da fanka da gurup, har ranar da na ga wannan na'ura a wani sito, an lulluɓe ta da leda. Na duba ta ciki da waje, na ga gyaranta bai fi ƙarfina ba, na saya.

Mai karanta hoton daban ce. Madam Zuwera sunanta, ungozomar likita ce da ta yi kwas ɗin eko, kuma takardar izinin aiki tata ce. Tsakaninmu akwai ƙa'ida tun ranar farko: ita ke faɗin abin da hoto ya nuna, ni ke da alhakin hoton ya zama na gaskiya. Ba na shiga ɗakin in mace na kwance. Ita kuma ba ta taɓa wayar wuta.

Abin da ya kamata ku fara sani shi ne sondi, wato kan nan da ake ɗorawa a jikin mutum. Shi ke aika wata ƙara da kunne ba ya ji, ta shiga jiki ta dawo, kamar yadda murya ke dawowa in ka yi kira cikin rijiya. Ruwa ya fito baƙi, ƙashi ya fito fari, tsoka ta fito toka-toka. Sondi ya fi sauran na'urar duka tsada, kuma faɗuwa ɗaya ta ishe shi. In ya bugu, wasu ƙwayoyin cikinsa su mutu, sai ka ga baƙin layi ya sauko daga sama zuwa ƙasa a hoton, kuma duk abin da ke bayan layin nan ba ka ganinsa. Ni a zane nake naɗe nawa, in sa a kwando, in ɗora a cinya duk tsawon hanya. Direba ya sha yi mini dariya, wai na fi mai jego. Sai wuta. Gurup in ya yi tari, na'ura ta ji a jikinta, saboda haka ban taɓa haɗa su ba tare da ragilata mai daidaita wuta a tsakani ba. Sai zafi: jiƙaƙƙen buhu a taga, fanka a bayanta. Ranar da jel ya ƙare mana a Agiye na kawo shawarar man gyaɗa, Madam ta ce in na kuskura, robar bakin sondi za ta kumbura, kuma ita ce da gaskiya.

Masu zuwa wajenmu yawancinsu masu ciki ne, kuma a kansu sana'ar take tsaye. Sai mara ta cika da fitsari hoton mahaifa ke fita sosai, don haka za ka ga mata jere a gindin bishiyar bedi, kowace da kwanon ruwa, suna sha suna matse ƙafa suna zagina. In azumi ya zo kuwa, kasuwa ta mutu, ba mai karya azuminta don hoto. Mazaje tambayarsu ɗaya ce, namiji ko mace. Akwai wani Bafulatani da ya ga an duba matarsa, ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, to nagge fa? Ita ma tana da ciki, kuma ta fi wannan tsada." Matar na jinsa, ta ce in an duba saniyar a duba kansa ma.

Amma ba kullum ake dariya ba. Wani manomi ya zo mana a Agiye, ya rame, idonsa ya yi rawaya, yana dafe da gefen dama. Madam ta duba hantarsa, ta fito ta ce mini kamar an watsa tsakuwa a cikin tuwo. Muka tura shi Maraɗi, bai ga kaka ba. A ranar ta koya mini abin da nake so ku riƙe: na'ura ba ta cewa sankara. Abin da take cewa shi ne, ga ƙari, ga girmansa, ruwa ne zalla a ciki ko da tsoka, bakinsa sumul ne ko ya yi yatsu. Mai cewa sankara sai wanda ya yanki tsokar ya duba. Aikinmu mu gani da wuri, mu tura. Kuma mutanenmu ba sa zuwa da wuri. A cikin waɗanda muka tura, kaɗan ne suka dawo da ƙafafunsu.

To, Laure. Ƴar wajen Gidan Sori ce, Malam Iro ya auro ta tun yana fataucin wake ta can. Sun daɗe ba haihuwa. Wata shekara ta yi ɓatan wata, daga baya ta ga jini, tsofaffi suka ce cikin bai zube ba, kwantawa ya yi. Kun san yadda ake ɗaukar kwantaccen ciki a wajenmu: yaro na nan yana barci, in Allah ya nufa zai tashi, ko bayan shekara nawa. Haka suka zauna suna jira, ana ba ta saiwoyi da rubutu. A waccan shekara sai cikin ya fara tasowa. Garin duka ya sani. Malam Iro ya sayi rago fari ya ɗaure a ƙofar gida yana ba shi dussa da harawa, wai na suna. Duk ranar kasuwa in na iso sai ya kama hannuna ya kai ni in taɓa gadon bayan ragon.

Shi da kansa ya ce a duba ta. "Alhaji Lawali, kowa na zuwa gidana yana ɗaukar hoton ɗansa, ni mai gida ba ni da ko ɗaya. Yau dai a fiddo mani nawa in sa a aljihu."

Ina zaune bakin gurup lokacin da ta shiga. Duban mai ciki ba ya daɗewa, kuma yawanci kana jin dariya ta taga. Wannan karon shiru. Mata biyu da ke jiran layi har sun fara ƙorafin mararsu. Can Madam ta leƙo ta yafito ni, muka tsaya bayan mota.

"Alhaji, babu yaro."

"Ya mutu?"

"Ba a taɓa yinsa ba. Mahaifarta ga ta nan, ƙarama, babu kowa ciki. Abin da ya tasar da cikin a gefe yake, a jakar ƙwai. Ƙari ne babba, kuma ba ruwa zalla ba ne, akwai tsoka a ciki mai yatsu. Ban ji daɗin ganinsa ba."

"Irin na mutumin Agiye?"

"Ba ni ke faɗin wannan ba, ka sani. Amma hantarta lafiya lau, kuma ban ga ya watsu ba. In an fiɗe ta yanzu, akwai rabo. In aka jira haihuwar da ba za ta zo ba, babu."

Ta ce ta riga ta gaya wa Laure. Laure ba ta yi kuka ba, ta gyara zanenta, ta ce abu ɗaya: "Malam ba zai yarda ba. Ku gaya wa Innata."

Na ce sai na fara da mai gida, domin a gidansa muke. Na same shi a zaure yana auna gero, na jira mai sayen ya fita, na gaya masa yadda Madam ta faɗa, ban rage ba ban ƙara ba. Ya ajiye tiya a hankali.

"Yaron da ke motsi? Ni da hannuna na ji shi."

"Malam Iro, hanji ma na motsi."

"Kai da ka fara da gyaran rediyo, yau kai ke gaya mani abin da ke cikin matata? Tsoffin garin ga duk ba su sani ba, sai akwatinka na bature da aka yar a bola?"

"Ba ni na gani ba, Madam ce. Kuma ban ce ka yarda da mu ba. Mu je Maraɗi a sake dubawa, motata ce, man nawa ne."

"A kai ta su yanka su fidda mani ɗa su ce ƙari ne? Na ji ana yi. Alhaji, ka ci abincin gidan ga. Kwashe kayanka tun muna ganin mutuncin juna."

Kafin mu gama ɗaure gurup a mota labari ya zaga kasuwa, kuma ba yadda ya faru ba. Cewa ake na'urar ta shanye cikin Laure. Matan da ke gindin bedi suka zubar da ruwansu suka watse.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a hanya, kuma nan ne sana'ar take. Sondina yana da baƙin layi ɗaya, siriri, a gefen hagu. Mun san da shi, Madam ta saba juya hannu ta kauce masa. Amma na zauna ina tunani: in fa yaron na bayan layin? In fa tsufan na'ura ne ya mai da kan jariri ƙari? Mutum zai kai matar amininsa ƙarƙashin wuƙa a kan hoton da ya fito daga kayan gwanjo. Da muka isa Agiye ban bari an sauke kaya an tafi ba. Na cika leda da ruwa, na jefa ƙwallon dabino da yankin tsoka a ciki, na ɗora sondi. Dabino ya fito, tsoka ta fito, kowanne a inda yake. Na kwance murfin na'ura na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Madam na tsaye tana kallona.

"Ka gama?"

"Ina dai dubawa."

"Layinka bai kai kaurin tsinke ba, abin da na gani ya kai ƙwarya. Na duba ta gaba, na duba ta gefe. In kana neman hanyar da za ka koma Gangara ka ce kuskure ne, ba ta wajena take ba."

Hanyar kuwa ta zo mini a rai. In na koma na ce na'ura ce ta yi gardama, Malam Iro zai yi dariya, a buɗe mini ɗaki, kasuwa ta dawo. Na mai da murfi na ɗaure. Washegari na kama hanyar Gidan Sori.

Damina ce, mota ta tsaya inda laka ta fara, sauran hanyar a amalanke na yi ta. Uwar Laure, Inna Ige, tsohuwa ce ƴar ƙarama, na same ta tana tsince wake a faifai. Na gaishe ta, na faɗi ko ni wane ne, na ce ɗiyarta ce ta aiko ni. Ta saurara har na gama ba ta ɗaga kai ba. Ni kuwa na zo da dabaru cike da kai: a sami mai gari, a sami liman, a tara ƴan'uwanta maza su je su yi magana.

"Ɗan nan, kana son a yi taro a kan cikin ɗiyata? In maza sun taru, Iro ba ya da hanyar sauka. Shi mi ya ce? Ciki na?"

"Ya ce ciki ne, Inna."

"To ciki na. Kuma na hwari na, ko ba haka ba?"

"Na fari ne."

"Ɗiyar wa ka taɓa gani ta yi haihuwar hwari a ɗakin miji? Goyon ciki za ni ɗauko ta. Shi da bakinsa ya shaida wa gari ciki na, ba ya iya hana ni. In ya hana, shi ya ƙaryata kansa."

Ta zubar da tsakuwar da ta tsince, sannan ta dube ni.

"Daga Gangara zuwa nan, ta ina hanya ta biyo?"

"Ta Maraɗi, Inna."

"To."

Na yi ciniki da mutane iri-iri, daga Kwatano har Agadas, ban taɓa ganin wanda ya karɓi maganar abokin ciniki ya ɗaure shi da ita kamar tsohuwar nan ba. Ta kafa mini sharaɗi biyu. Kada a ga motata kusa da Gangara, kuma a Maraɗi sai an sake dubawa da wata na'ura, ba tawa ba, tana tsaye. Na ce na fi ta son haka.

Jiran ne ya fi komai wuya. Ba ta tashi nan take ba, sai da ta haɗa abin da ake zuwa da shi, goro da ƴar rakiya, don kada a ga gaggawa. Ni ina Agiye, duk motar da ta fito daga gabas sai na leƙa. Labari na zuwa mini ta bakin direbobi, kuma babu mai daɗi. Aka ce Malam Iro ya kawo wani mai magani daga ƙetaren iyaka yana ba ta abin da zai ƙarfafa yaron, tana ta amai. Aka ce ruwa ya cinye hanya. Aka ce ya ce sai bayan an cire amfanin gona. Madam kuma kullum sai ta tambaye ni, "Sun taso?" In na ce a'a, ta yi tsaki ta ce irin wannan ƙari ba ya jiran kaka. Masu zuwa duba a Agiye ma suka ragu, domin labarin na'ura mai shan ciki ya riga mu isowa.

Ranar da suka iso tashar Agiye ban je kusa ba. Daga nesa na ga an sauko da Laure, ta rame a wuya, cikin ya yi gaba. Inna Ige ta hango ni, ta kau da kai kamar ba ta san ni ba, sai da motar Gangara ta juya sannan ta ɗaga mini hannu. Daga baya na ji yadda aka rabu. Malam Iro ya raka su har bakin mota yana cewa kada a kai ta likita, tsohuwar ta ce, "Malam, ɗiya in ta taka ƙofar uwarta, ta uwarta ce. Kai dai ci gaba da kiwon ragonka."

A Maraɗi likita ya ɗora nasa sondi, sabo, babu layi ko ɗaya. Ina waje a kan benci. Madam ta fito ta ce, "Abin da muka gani shi ya gani." Aka yi mata aiki cikin kwanakin. Ƴan'uwanta suka sayar da bijimi, ni na ɗauki abin da ya shafi mota da magani. Aka fidda ƙarin, aka fidda mahaifar tare da shi. An aika yanki Yamai, amsa ta dawo cewa sankara ce, amma ba ta yi saiwa nesa ba. Ta yi jinya mai tsawo, ta je Yamai karɓar magani ta dawo, gashinta ya zube ya sake fitowa.

Inna Ige ta sa an nuna mata abin da aka fiddo, ta kuma aika a kira Malam Iro ya zo ya gani da idonsa. Bai zo ba. Ya aiko cewa an haɗa baki da surukarsa an kashe masa ɗa. Ragon bai sayar ba, bai bari ya kai layya ba, ya yanka ya raba sadaka, wai ta yaron da ya rasu.

Shekarar da ta biyo ita ce mafi muni a sana'ata. Gangara ta rufe mini gaba ɗaya. Kasuwar wajen Gidan Runji ba ta iya biyan man mota ita kaɗai, na bar ta. Na sayar da motar, na kafa na'ura wuri ɗaya a Agiye, na koma gyaran firji don in riƙe Madam. Akwai ranakun da za mu tayar da gurup mu kashe ba wanda ya shigo. Sai can wajen shekara ta zagayo wata mata ta zo a amalanke daga wani ƙauye, ta zauna nesa da kowa, da aka tambaye ta sai ta ce a hankali, "Nawa ma ya kwanta. Laure ta ce in zo a duba." Nata babu komai, ba yaro ba ƙari, Madam ta zauna da ita ta yi mata bayani. Bayanta wasu sun zo, ɗaya-ɗaya, yawanci ba da sanin gari ba. Ba su mai da mini abin da na rasa ba, kada in yi muku ƙarya.

Ga lissafin yadda ya tsaya. Kasuwa biyu sun tafi, mota ta tafi, ban sake samun irin cinikin Gangara ba har na ajiye na'urar. Malam Iro ya rasu bai sake amsa sallamata ba, kuma har ya koma ga Allah yana ƙirga shekarun yaron, yana cewa da yanzu ya isa shiga lakol, wato makaranta. Auren bai ɗore ba. Tsohuwar na'urar tana nan bayan shagona, sondinta naɗe a zanensa, in kun zo zan nuna muku layin. Laure kuma tana Gidan Sori, tana sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ta riƙe ƴaƴan ƙanenta ta aurar da biyu. Bara na bi ta kasuwarsu, na tsaya na sayi kwalba ɗaya. Na miƙa kuɗi ina jiran ta ce in bar shi. Ta karɓa, ta ƙirga, ta ce, "Alhaji, da saura. Mai ya hau." Na cika mata.